Tsohuwar rautar da ke cikin durowa: yadda za ka sa ta aiki da sabon intanet ɗinka

Kusan kowane gida a Aboabo ko Asawase ko Sawaba a nan Kumasi in ka buɗe durowa ko ka leƙa saman wardrof za ka tarar da wata tsohuwar rauta, wato akwatin nan mai watsa wayfai, tana shan ƙura, wani gidan ma biyu ko uku, kuma ba laifin kowa ba ne, kamfanonin ne suke ta canja riga. Ghana Telecom ta zama Vodafone a 2009, Vodafone ta zama Telecel a 2024, Airtel da Tigo sun haɗe a 2017 daga baya suka koma AT, Surfline da ta shigo da 4G a 2014 ta daina aiki a 2023, ga TurboNet na MTN ga faiba, ga Starlink da ya shigo a 2024, kuma duk sanda ka sauya sai an ba ka sabon akwati, tsohon kuma ya tafi durowa. Toh tambayar da 'yan uwa suke yawan yi ita ce, wannan tsohuwar za ta yi aiki da sabon layin? Amsar ita ce eh, galibi za ta yi, amma ba aikin da kake zato ba. Yawancinsu ba za su iya ɗauko intanet daga sabon kamfani da kansu ba, abin da suka iya shi ne su karɓa daga sabuwar rautar su kai shi inda wayfai ba ya kaiwa, wato ɗakin baya ko shago ko saman bene, kuma a gidajenmu na kampaun masu katangar bulo da ɗakuna a jere wannan aikin ya fi komai amfani.

Fara da juya ta ka dubi bayanta

Kafin ka kunna komai, kafin ka ɗauke ta ka nufi Adum PZ wajen masu gyara wani yaro ya ce maka Alhaji kawo a yi mata dikod, wato a buɗe ta ta karɓi sim ɗin wani kamfani, juya ta ka kalli ramukan da ke bayanta, su ne za su gaya maka irin abin da kake riƙe da shi.

In ka ga ƙaramin rami irin na tsohuwar wayar tebur an rubuta DSL ko ADSL, tare da manyan ramuka huɗu galibi masu ruwan ɗorawa an rubuta LAN, wato inda ake soka na'urorin cikin gida, to wannan ta zamanin layin waya ce, wannan ƙaramin ramin ka manta da shi, babu faiba ko sim da zai shiga ciki. In ka ga wurin sa sim, to ta 4G ce, irin su Huawei B310 da B315 ko na ZTE. In ka ga wani rami a ƙasa ko a gefe mai murfi wanda siririyar waya mai koren kai take shiga, an rubuta PON ko OPTICAL, wannan ta faiba ce, ita ake kira ONT. In kuma ka ga rami ɗaya daban da sauran, sau da yawa shuɗi, an rubuta WAN ko Internet, wato ramin da intanet yake shigowa ta cikinsa, to ka yi sa'a, ita ce mafi sauƙin sha'ani. Wasu suna haɗa biyu, misali B315 raminta na huɗu an rubuta LAN4/WAN, B310 kuma rami ɗaya tak gare ta mai yin aikin biyun.

Sai ka dubi sitikar da ke ƙarƙashinta ka ɗauki hotonta da fon, don da zarar ka kafe ta a bango ba za ka so sauko da ita ba. A nan za ka ga cikakken model, adireshin shiga, yuzanem da faswod, sunan wayfai na asali da makullinsa, da kuma wutar da take ci.

Maganar wuta kar ka yi wasa da ita. Yawancin rautoci 12V suke ci, wata 1A wata 1.5A wata 2A, amma akwai ƙananan da suke cin 9V ko 5V, kuma bakin adaftocin duk kama suke da juna, na dikoda ma zai shiga. Lambar V dole ta yi daidai da abin da aka rubuta, lambar A kuma in ta adaftan ta fi ba matsala, in ta gaza ne matsala, za ka ga rauta ta kunna lafiya lau amma da mutum uku sun hau sai ta mutu ta sake tashi, kai kana zagin netwok alhali adafta ce. Adaftan laptop mai 19V kuwa in ka soka mata shi ke nan, sai dai ka ji ƙauri.

Abu ɗaya kuma, musamman ta faiba, ka tabbatar taka ce. Wasu kamfanonin akwatin nasu ne, aro suka ba ka, in ka bar su suna iya neman abinsu, duba takardar da ka sa hannu ko ka kira su ka tambaya. Kuma in akwai guntun wayar faiba a jikinta kar ka leƙa bakin wayar da ido, hasken ciki ba a ganinsa amma yana illa.

Goge ta ta koma yadda ta fito daga kwali

Kunna ta ita kaɗai, kar ka haɗa ta da komai tukuna. Bari ta gama tashi kamar minti biyu, sai ka samu tsinken sakace ko fil ka danna ɗan ramin da aka rubuta Reset ka riƙe daƙiƙa goma zuwa sha biyar har fitilun su mutu su dawo. Kula, akwai maɓallin WPS a kusa, na haɗa na'ura da wayfai ba tare da buga faswod ba, ba shi ake nufi ba. Da ta dawo, sunan wayfai da faswod sun koma na kan sitika.

Yanzu ka haɗa fon ɗinka ko laptop da ita. In da fon ne kashe data tukuna, don fon in ya ga wayfai babu intanet sai ya silale ya koma data ba tare da ya gaya maka ba, kai kana ta buga adireshi shafi ya ƙi buɗewa. In ya tambaye ka ko ya ci gaba da zama a kai duk da babu intanet, ce masa eh. Buɗe burauza ka rubuta adireshin a sama can wurin adireshi, ba cikin akwatin bincike na Google ba. Na Huawei masu sim galibi 192.168.8.1 ne, na faibansu 192.168.100.1, ZTE da TP-Link da sauransu 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Shiga da abin da ke kan sitika, in ta ce ka canja faswod canja ka rubuta a takarda ka manna a ƙarƙashinta.

Kafin ka taɓa wani seti sai ka san adireshin sabuwar rautar ma. Haɗa fon da sabon wayfai, shiga bayanan netwok ɗin, a Android za ka ga Gateway, a iPhone an rubuta Router, a Windows kuma buɗe cmd ka rubuta ipconfig ka dubi Default Gateway. Rubuta shi. A misalinmu bari mu ce 192.168.1.1 ne, in naka daban ne sai ka sauya lambobin yadda suka dace.

Hanyar da na fi so: LAN zuwa LAN

Wannan ita ce take aiki da kusan kowace iri, ta ADSL, ta faiba, ta WAN, duk wadda take da ramin LAN kuma ta yarda ka kashe DHCP, wato mai raba wa na'urori lambobi. Abin da za ka yi shi ne ka sauke ta daga matsayin rauta ta zama mai watsa wayfai kawai, duk tunani sabuwar ce za ta yi.

Fara da wayfai. Koma kan tsohuwar, shiga WLAN ko Wireless a shafinta ka sa suna da faswod. A nan zaɓi biyu ne, ko ka ba ta suna da faswod iri ɗaya sak da na sabuwar, yadda in ka taso daga falo zuwa ɗakin baya fon zai sauya da kansa, ko ka ba ta suna daban. Ni dai a ranar farko na fi son suna daban, kamar Gida2, don ka san wacce kake kai in kana gwaji, kuma gaskiya wasu fon ɗin suna da taurin kai, sai su maƙale wa ta nesa mai layi ɗaya alhali ga ta kusa a saman kansu, in suna daban ne kai da kanka za ka zaɓa. Tsaro ka zaɓi WPA2 da AES, in WEP kaɗai take da shi wallahi mayar da ita durowa, wannan yaran layi ma suna iya fasa shi. Kashe WPS. Sai canel, wato layin da wayfai yake bi a iska, a 2.4GHz guda uku ne ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, in sabuwar tana kan 1 sa tsohuwar a 6 ko 11, faɗin canel kuma ka bar shi 20MHz, don a Zango inda kowane ɗaki da nasa hotspot 40MHz hayaniya kawai yake ƙarawa. Da ka ajiye, fon zai yanke, sake haɗawa da sabon sunan.

Na biyu adireshinta. Shiga LAN ko Home Network, canja adireshin tsohuwar ya shiga gida ɗaya da na sabuwar, wato lambobi ukun farko iri ɗaya, ta ƙarshe daban. Tunda sabuwar 192.168.1.1 ce, ba tsohuwar 192.168.1.250, subnet mask ka bar shi 255.255.255.0. Dalilin da ya sa na ce 250 ba 2 ba, rautoci da yawa daga 2 suke fara raba wa fon da laptop lamba, in ka ɗauki 2 wata rana talabijin ɗin Hajiya zai samu wannan lambar su yi karo. Abin da ya fi kyau ma ka shiga sabuwar ka dubi iyakar rabonta, in daga 2 zuwa 254 ne ka rage shi ya tsaya a 200, shi ke nan 250 ta zama tata ita kaɗai. Da ka ajiye za ta sake tashi, shafin zai ɓace, kar ka tsorata, kashe wayfai na fon ka kunna ka shiga da sabon adireshin.

Na uku, kuma shi ne na ƙarshe da gangan, kashe DHCP Server. DHCP shi ne mai raba lambobi ga duk na'urar da ta shigo, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya, in ka bar na tsohuwar a kunne wani fon zai karɓi lamba daga wajenta ta ce masa ni ce ƙofar fita alhali ba ta da hanyar fita, sai ka ga fon ɗin Baba yana yi na Mma ba ya yi, gobe kuma su yi musaya, irin matsalar da take sa mutum ya yi ta kiran kastoma kiya a banza. Na ce ka bar shi ƙarshe ne saboda da ka kashe shi fon ɗinka ba zai ƙara samun lamba daga wajenta ba sai an haɗa ta da sabuwar, in ka kashe shi da wuri ka kulle kanka a waje.

Yanzu ɗauko kebul na netwok, wanda ake kira Ethernet, kai ɗaya a ramin LAN na sabuwar, ɗaya kan a ramin LAN na tsohuwar. LAN fa, ba WAN ba, ba DSL ba. Fara gwadawa da gajeren kebul suna kusa da juna a tebur ɗaya kafin ka kira mai hawa tsani. Fitilar LAN ta kama, haɗa fon da Gida2, dubi lambar da ya samu, in ka ga 192.168.1.wani abu kuma Gateway ya nuna 192.168.1.1 to aiki ya yi, buɗe fast.com ka ga gudun. In ka ga lamba mai farawa da 169.254 ma'anarsa babu wanda ya ba shi lamba, ko kebul ya lalace ko ka soka a ramin da ba shi ba. Na faiba wasu ramukansu kamfani ya ware su don talabijin ko wani abu, in LAN1 ya ƙi gwada LAN2 da sauran kafin ka yanke hukunci.

Wasu sabbin rautoci suna da wurin da aka rubuta Operation Mode, ka zaɓi Access Point kawai ta yi duk wannan da kanta. In taka tana da shi ka huta.

In ta ƙi kashe DHCP, ko tana da WAN

Akwai rautocin da kamfani ya ɓoye musu seti, ka shiga ka ga suna da faswod na wayfai kaɗai za ka iya taɓawa. Akwai kuma wasu na Huawei masu sim da lamba ta uku kaɗai suke bari ka canja, wato dole adireshin ya ƙare da 1, ka ga 250 ɗinmu ba zai yiwu ba. Irin waɗannan in suna da WAN sai ka bi ta nan.

Kebul daga LAN na sabuwar zuwa WAN na tsohuwar, a B315 LAN4/WAN ke nan. A seti ka nemi WAN ko Ethernet ka zaɓi Dynamic IP, wasu suna rubuta DHCP ko Auto. A wannan hanyar DHCP nata a kunne za ka bar shi, kuma adireshinta dole ya bambanta da na sabuwar a lamba ta uku, akasin abin da muka yi a sama, in sabuwar 192.168.1.1 ce tsohuwar ta zama 192.168.8.1 ko 192.168.5.1. In dukkansu gida ɗaya suke sai ta rikice ta kasa gane ciki da waje. In akwai tsohon sim a ciki cire shi, kar wata rana kebul ya zare ta koma cin kiredit ɗinka ba ka sani ba.

Masu Starlink ku kula da abu biyu. Rautarsa 192.168.1.1 ce, shi kansa faifan da ke kamo siginal kuma yana amfani da 192.168.100.1, daidai da adireshin da akwatunan faiba na Huawei suke zuwa da shi, don haka canja na tsohuwar kafin ka haɗa. Sannan rautar Starlink ta ƙarni na biyu ba ta da ramin kebul sam sai ka sayi adaftarsa daban, ta uku ce take da ramuka a baya.

Wannan hanyar tana da ɗan aibu, gidanka ya zama netwok biyu, ɗaya a bayan ɗaya. WhatsApp da YouTube da TikTok da MoMo ba ruwansu, za su yi lafiya. Inda za ka ji a jikinka shi ne in firinta ko na'urar CCTV tana kan tsohuwar kai kuma kana kan sabuwar, ba za ka gan su ba, masu buga FIFA a PlayStation ma suna iya shan wahalar haɗuwa da abokan wasa ta intanet. Kuma ga wani abu da masu gidan haya suke ɗauka a juye: wai in ka sa 'yan haya a kan ta bayan ka raba su da kayanka. A'a, wanda yake ta bayan yana iya isa ga abin da ke ta gaban, na gaban ne ba ya iya isa ga na bayan. In raba su kake so ka nemi Guest Network a sabuwar rautar.

Sai masu son cire akwatin sabon kamfani gaba ɗaya su sa tsohuwar a madadinsa. A faiba ba za ka iya ba, ONT ɗin da suka kawo an yi masa rajista da lambar jikinsa a na'urar kamfanin, in ka soka siririyar wayar a akwatin wani kamfani fitilar PON za ta yi ta ƙyaftawa har gobe ba za a karɓe shi ba. Abin da ake iya yi shi ne su mayar da nasu bridge, wato ya zama gada kawai mai miƙa wa taka rautar intanet, su ba ka yuzanem da faswod na shiga layinsu da ake kira PPPoE, wani lokaci da lambar VLAN, ka sa a rauta mai WAN. Amma ni ban ga dalilin yin wannan da tsohuwar rautar da ta girmi wadda suka kawo ba, wannan aikin na wanda ya sayi babbar rauta mai ƙarfi ne.

Ta 4G da sim ɗin wani kamfani

Nan ne kuɗin mutane yake zubewa, don haka bi a hankali. Kashe ta, sa sabon sim wanda aka yi wa rajista da Ghana Card kuma akwai bandul a ciki, sannan ka kunna. B310 da B315 babban sim suke ci, in naka nano ne samu firam mai kyau wanda sim ɗin ya zauna daram, kuma kar ka taɓa tura firam babu sim a ciki, yana kama ƙananan ƙarafan da ke ramin, wajen jawo shi su karye, gyaran ya fi rautar tsada.

Shiga shafin ka gani. In ta nuna akwati tana neman SIMLOCK code ko unlock code, a kulle take. In ba ta nemi komai ba amma babu intanet, wataƙila APN ne kawai, wato sunan ƙofar da sim yake bi ya shiga intanet ɗin kamfani, shiga Profile Management ka ƙirƙiri sabo, na MTN kalmar internet ce da ƙananan haruffa, yuzanem da faswod ka bar su fayau, na sauran ka tambayi kamfanin, ajiye ka mai da shi na farko. Mutane da yawa sun biya kuɗin dikod alhali wannan kalma ɗaya ce ta rage.

In a kulle take, lambar buɗewa daga IMEI, wato doguwar lambar shaidar da ke jikinta, ake fitar da ita, kuma ƙoƙarin yana da iyaka, a na Huawei galibi sau 10, in ka cinye su da cinke ta kulle ɗungurungum. Tsoffin manhajojin lissafin lamba da ke yawo a intanet na tsoffin modem ne, a kan sabbin ba sa yi, kar ka ƙona damarka da su. Fara tambayar kamfanin da ya sayar maka in yana nan. In ka je wajen masu gyara a PZ, ka tafi da sim ɗin da kake son amfani da shi, ku yi magana a kan sai ta kama 4G ta buɗe shafi a gabanka sannan ka biya, kuma ka tambaye shi, Masta, lamba za ka sa ko filashin za ka yi? Filashin shi ne sauya manhajar cikinta, in aka ɗauke wuta ana tsakiya ko aka sa wadda ba tata ba, rauta ta zama bulo.

Kuma tun kafin ka biya ko pesewa duba band. Kowane kamfani da zangon da yake watsa 4G a kai, MTN ta fara nata a 800MHz, shi ne band 20, kuma rautar da aka ƙera don wani zango daban ko an buɗe ta ba za ta ji shi ba, sai ta faɗa 3G ko ta nuna jar fitila. Lambar da ke bayan model ɗin ita ce take bambanta su, B315s-22 alal misali tana da band 20, wata B315 mai wata lambar ba lallai ba. Rubuta cikakken model a Google ka ga jerin band ɗinta. In babu na kamfaninka, bar maganar sim, yi amfani da ita ta WAN kamar yadda muka faɗa.

Kebul, wuri da wuta

Kebul ɗin shi ne rabin aikin. Cat5e ya isa, Cat6 ya fi, tsawonsa kar ya wuce mita 100. A kasuwa akwai mai arha da ake kira CCA, alminiyon ne aka shafa masa jan ƙarfe, ka sa mai shago ya feɗe bakin ka kankare silin ɗaya da reza, in cikinsa fari ne shi ne, in ja ne har ciki to na gaske ne. A ɗan gajeren zango CCA yana yi, amma a doguwar tafiya yana karyewa a wurin lanƙwasa ya yi ta yankewa. In da kanka za ka matse kan, jerin launin shi ne fari-lemu, lemu, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, kai biyun iri ɗaya. Sili takwas ɗin duk su shige har ƙarshe, in ɗaya bai taɓa ba wani lokaci zai yi aiki amma ya tsaya a 100Mbps, kai ba ka san dalili ba.

In kebul zai bi ta tsakar gida sa shi cikin bututun roba ka bi da shi jikin bango ƙarƙashin rufi. Kar ka rataya shi a sama daga wannan gini zuwa wancan, ruwan Kumasi daga Afrilu zuwa Yuli da tsawa yake zuwa, kuma tsawa ba sai ta faɗo a kan gidanka ba, ta kusa ma tana iya bin kebul ta ƙone ramukan rautocin biyu lokaci ɗaya. In hadari ya haɗu sosai zare shi kawai. Kar kuma ka ɗaure shi tare da wayar wuta.

Rautar ka ɗora ta sama, a sarari, ba bayan talabijin ba, ba saman firij ba, ba manne da kwanon rufi ba inda zafin rana zai dafa ta. In ɗakunan a jere suke veranda ta fi cikin ɗaki, don siginal ya fi son ƙofa da taga a kan bulo, amma inda feshin ruwa ba ya kaiwa.

Dumsor kuma, wato ɗauke wuta, ƙaramin batirin UPS mai fitar da 12V yana riƙe rauta awanni, amma ka tuna yanzu biyu gare ka, in ɗaya za ka iya saya ba wa sabuwar, don tsohuwar ba ta da abin rabawa in uwar ta mutu. Wasu kan tambaya ko za a iya haɗa su ba kebul. In taka tana da Repeater ko WDS ana iyawa, amma gudun yana raguwa kusan rabi tunda rediyo ɗaya ne yake karɓa yake aikawa, kuma yawancin na kamfanoni ba su ma da shi.

Game da gudu kar ka sa rai da yawa. Tsoffin na ADSL ramukansu 100Mbps ne, wayfai ɗinsu 2.4GHz kaɗai, 300Mbps ɗin da aka rubuta a kwali ba za ka taɓa ganinsa a fon ba. Don kallo da kiran bidiyo da karatun yara ya isa, amma in kana biyan babban faiba ka bar laptop ɗin aiki a kan sabuwar. Kuma in bandul kake saya ba anlimited ba, ka sani ɗakin baya da ya samu wayfai zai fara ci, fon ɗin yara za su yi ta sauke abubuwa cikin dare, gara ku yi maganar wa zai sa nawa tun kafin ka ba da faswod.

Kafin ka rufe shafin, nemi wurin da aka rubuta Remote Management ko TR-069 ko CWMP, ta nan tsohon kamfanin yake shiga ya sauya seti daga ofis, in ta bari kashe shi. Faswod na shiga shafin ma kar ka bar shi admin admin, duk wanda ka ba wayfai yana iya shiga ya taɓa maka seti. Daga nan ka rubuta adireshinta na yanzu da faswod ɗin biyu a guntun takarda ka manna da selotef a gefen sitikar, don na sitikar sun daina aiki, kuma in wani ya danna Reset DHCP zai dawo a kunne, sai ka zare kebul ɗin ka sake bin matakan daga wayfai.